FATA KO YADI: WACE RIGA CE TA DACE DA MAI MOTO?



A da, in manomi zai ci kasuwa sai ya ɗora wa jaki mangala, ko ya ɗaura amalanke. Yau kuwa moto ya shiga ko'ina. Shi ke kai buhun hatsi kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni, samari da yawa da kabu-kabu suke ciyar da gidajensu.

Sai dai moto ba shi da bango, ba shi da rufi. In mai mota ya yi hatsari, ƙarfe ne ke fara shan bugu. Mai moto kuwa, tufar da ke jikinsa ita kaɗai ce tsakaninsa da ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta nuna a rahotonta na shekarar 2023 cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke rasuwa kowace shekara a hatsarin hanya. Ta kuma nuna cewa in an auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asarar rayuka a hanya. Don haka maganar tufar mai moto ba maganar ado ba ce. Maganar lafiya ce, kuma maganar abincin iyali ce.

Rigunan da ake ɗinkawa musamman don hawan moto iri biyu ne: akwai ta fata, akwai ta yadi. Yau za mu duba amfanin kowace da aibinta, sa'an nan mu faɗi wadda muke ganin ta dace da ƙasarmu.

ABIN DA KE SAMUN WANDA YA FAƊI

Wanda ya faɗi daga moto abu biyu ke samunsa.

Na farko bugu. Kai, ko kafaɗa, ko gwiwa, su daki ƙasa ko dutse ko wata mota. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa guda. In ya daki bango da wannan gudu, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita 10, wato kamar daga kan doguwar giginya.

Na biyu gurzuwa. Mutum ba ya tsayawa inda ya faɗi. Gudun da ya ɗauko sai ya ja shi a ƙasa. Kwalta da marmara suna cin jiki yadda dutsen niƙa ke cin gero. Rigar shadda ko ta atamfa nan take take yagewa. Ko wandon jin na kasuwa ba ya cika daƙiƙa guda a kan kwalta kafin ya ɓule. Daga nan sai fatar mutum, sai tsoka, wani lokaci har ƙashi.

Mu ɗauki misali. Manomi ya tashi daga kasuwa ana sauran kwana kaɗan ruwan shuka ya sauka. Akuya ta gitta masa, ya taka birki a kan yashi, moto ya zame. Bai karye ba, amma da yake duk mai faɗuwa hannu yake fara kaiwa ƙasa, tafin hannunsa duka biyu sun saɓule. Ciwon zai yi makonni kafin ya warke. Wa zai riƙe masa sungumi? Wa zai riƙe hauya ranar noman farko? Ga kuɗin magani, ga kuɗin ƴan ƙwadago. Safar hannu guda da ta tsare masa damanarsa.

Tufar kirki aiki biyu take yi. Jikinta yana jure gurzuwa. Sa'an nan a cikinta ana sa ƴan garkuwoyi na roba a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da gadon baya, su ne ke rage ƙarfin bugu. Mu sani tun yanzu: babu rigar da ke hana karaya gaba ɗaya. Ragewa take yi, ta mai da babban rauni ƙarami.

RIGAR FATA

Fata ba baƙuwa ba ce a gare mu. Majemanmu sun daɗe suna jima da bagaruwa, dukawanmu sun daɗe suna ɗinka takalmi da sirdi da jaka. Fatar jar akuya ta Maraɗi ta yi suna a duniya saboda laushinta da ƙarfinta. Tun zamanin ayari ake ƙetare hamada da irinta zuwa Arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. A shekarar 1963 aka buɗe cibiyar kiwon wannan akuya a Maraɗi.

Wajen jure gurzuwa, fata mai kauri tana gaba. Shi ya sa masu tseren moto na duniya, waɗanda ke gudun da ya wuce kilomita 300 a awa, fata suke sawa daga wuya har idon sawu. Rigar moto ta fata galibi da ƙirgin saniya ake yin ta, kaurinta milimita 1 da ɗan ɗori. Fata ba ta narkewa in ta ɗauki zafin gurzuwa. Sau da yawa in an faɗi da ita ƙujewa kawai take yi, a kai wa baduku ya gyara ɗinki, a ci gaba da sawa. In ana kula da ita tana yin shekaru masu yawa. Lokacin ɗari kuma tana tare iskar asuba, wadda ke shiga ƙirjin mai moto.

Amma tana da aibinta. Tana da nauyi. Tana da tsada. Ba ta barin iska ta ratsa. In ruwan sama ya jiƙa ta sai ta ƙara nauyi, ta daɗe ba ta bushe ba. In aka shanya ta a rana ko kusa da wuta sai ta ƙandare, ta tsattsage. In aka ajiye ta da laima lokacin damana sai ta yi fumfuna. Ba a wanke ta da ruwa da sabulu kamar sauran tufafi. Goge ta ake yi da ɗanyen tsumma, a bar ta ta sha iska a inuwa, a shafa mata mai kaɗan don ta yi laushi.

Kuma ba kowace fata ce ke kariya ba. Wadda aka jeme don matashi ko jakar ado siririya ce. Rigar fata ta gayu, irin ta zuwa biki, ita ma siririya ce, kuma ɗinkinta ɗaya ne. Da ta taɓa kwalta ɗinkin zai buɗe.

RIGAR YADI

Yadin rigar moto ba irin yadin da muke kai wa tela ba ne. Zare ne mai ƙarfi na masana'anta. Akwai wanda ake kira Cordura, dangin nailan ne mai kauri. Akwai Kevlar, wanda wata masaniya Ba'amurkiya, Stephanie Kwolek, ta gano a shekarar 1965. Da shi ake yin rigar da ke tare harsashi, ana kuma shimfiɗa shi cikin wandon moto a gwiwa da ƙugu.

Amfanin rigar yadi a bayyane yake. Ba ta da nauyi. Ana cire garkuwoyinta a wanke ta da ruwa da sabulu. Tana saurin bushewa. Tana da aljihu da yawa. Galibi ta fi ta fata sauƙin kuɗi. Wata tana da zif a ƙirji da baya, a buɗe iska ta shiga. Wata kuma an saƙa ƙirjinta da bayanta kamar raga, aka bar yadi mai kauri a kafaɗa da gwiwar hannu, wuraren da suka fi taɓa ƙasa. Wata tana da shafi na ciki da ake cirewa da bazara, a mayar da ɗari.

Aibinta shi ne, in gudu ya yi yawa ba ta kai fata juriya ba. Nailan mara kyau yana narkewa da zafin gurzuwa, ya manne a ciwo. Rigar yadi in an yi mummunar faɗuwa da ita sau ɗaya, sau da yawa ta gama aikinta, sai a nemi wata. Rana kuma tana cin zarenta a hankali. Rigar da ta koɗe, zarenta yana tashi in an murza, ƙarfinta ya tafi ko da ba ta yage ba.

ZAFIN ƘASARMU

Nan ne maganar ta bambanta da ta ƙasashen sanyi. A watan Afrilu da Mayu zafi a garuruwanmu yana wuce digiri 40, wani lokaci ya kai 45. Wanda ya sa baƙar rigar fata da azahar ya tsaya tasha yana jiran fasinja, ya jawo wa kansa wata cuta. Zufa za ta ƙare masa ruwan jiki. Kai ya fara ciwo, jiri ya kama shi, ido ya yi nauyi, hannu ya yi jinkirin kama birki. Rigar da aka saya don tsare rai sai ta zama sanadin hatsari. Ko kuwa ya gaji da ita, ya rataye ta a ƙusa. Rigar da ke rataye a ɗaki ba ta taɓa kare kowa ba.

To, kada wani ya ce ai shi ke nan, sai a hau moto da singileti. Wannan ma kuskure ne. In zafin iska ya wuce zafin fatar mutum, wato kamar digiri 35, iskar da ke bugun mai gudu ba sanyi take kawowa ba. Huci ne irin na bakin tanda. Tana busar da zufa da sauri, mutum ya yi ta asarar ruwa bai sani ba. Mu dubi makiyaya da matafiyan hamada. Ba sa tuɓewa don zafi, lulluɓe jiki suke yi. Abin da ake so shi ne jiki a rufe, iska kuma tana ratsawa.

Saboda haka da bazara a nemi launi mai haske, kamar fari ko toka-toka. A sha ruwa kafin a tashi, a riƙe gora a hanya. Mai doguwar tafiya yana iya jiƙa rigar ciki da ruwa, iska na shiga tana sanyaya shi. In da hali, a yi sammako ko a bari rana ta yi sanyi.

TO, WACE ZA A ZAƁA?

Ga shawararmu: kada a ce sai fata, kada a ce sai yadi. A ba kowace gaɓa abin da ya dace da ita.

1. Kai. Kaske ne farko, kafin riga, kafin komi. Bincike ya nuna kaske na kirki yana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100, yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100. Amma sai an ɗaure igiyarsa a ƙarƙashin haɓa. Wanda ba a ɗaure ba shi ke fara tashi kafin kai ya kai ƙasa. Hular magina da hular roba ta wasa ba kaske ba ne.

2. Hannu. Nan fata ce ta dace. Fatar akuya tana da laushi, yatsu suna jin birki, tana kuma jure gurzuwa. A nemi safar hannu mai ninki biyu a tafi, mai maɗauri a wuyan hannu don kada ta zare. A Faransa tun shekarar 2016 doka ta tilasta wa mai moto da fasinjansa sa safar hannu.

3. Ƙafa. Nan ma fata. Takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu, mai ƙasa mai kauri. Silifa tana jefar da mai ita tun kafin ya faɗi. In takalmin mai igiya ne, a cusa igiyar ciki don kada ta kama giya ko sarƙa.

4. Gangar jiki. Mai kabu-kabu a cikin gari, da manomi mai zirga-zirga tsakanin ƙauye da kasuwa, rigar yadi mai shan iska, mai garkuwa a kafaɗa da gwiwar hannu, ita ta fi dacewa da su. Gudunsu ba mai yawa ba ne, tsayuwarsu a rana kuwa da yawa. Wanda ke bin babbar hanya, kamar daga Maraɗi zuwa Damagaram, yana sakin gudu a kwalta, musamman lokacin ɗari, shi rigar fata mai kauri za ta yi wa amfani. Ko shi ma da bazara gara ya koma yadi mai ƙarfi.

5. Wando. Dogo, mai kauri, mai rufe ƙwauri. Bututun hayaƙin moto yana ƙuna nan take.

A takaice, rigar da ta fi ita ce wadda za ka iya sawa kullum, har ranar da ka ce ai nan kusa ne zan je.

YADDA ZA A GANE TA KIRKI A KASUWA

Da yawanmu wajen masu bosho, wato gwanjo, muke samun irin waɗannan riguna. A can akwai na kirki, akwai na banza. Kafin a biya kuɗi a duba waɗannan abubuwa.

A juya rigar a karanta ƙyallen da ke ciki. Rigunan da aka gwada a Turai suna ɗauke da haruffan CE da hoton mutum a kan moto. Sababbi, tun daga shekarar 2020, suna da lamba EN 17092 tare da harafin daraja. AAA ita ce mafi ƙarfi, amma ta fi nauyi da zafi. AA tana tsakiya. A ita ce mara nauyi, ta tafiyar cikin gari. Su kuma garkuwoyin roba ana rubuta musu EN 1621, da lamba 1 ko 2. Mai lamba 2 ta fi rage bugu. A igiyar kaske kuwa a nemi harafin E cikin da'ira. Wanda ya san haruffansa, mai saye da sayarwa ba ya yi masa rufa-ido.

Amma ƙyalle ma ana yin na jabu, don haka hannu da ido su yi nasu aiki. A ja ɗinkin kafaɗa da na hannu da ƙarfi. In zare ya bayyana ko ya buɗe, a ajiye ta. A duba ko ɗinkin biyu ne. A matsa garkuwar: in soso ne kawai mai lotsewa, ko ta bushe tana farfashewa, ba ta da amfani. A ja zif sama da ƙasa.

A gane fatar gaske da ta ƙarya. Ta gaske tana da warin fata, bayanta yana da gashi-gashi mai laushi. Ta ƙarya roba ce aka shafa a kan yadi. Warinta na leda ne, in an duba bakin yanka za a ga zare, in ta tsufa sai ta riƙa ɓarewa. Irin wannan ga zafi, ga rashin kariya. Araha ba ta ado.

A gwada rigar a jiki, a miƙa hannu kamar an riƙe kan moto. Ta zauna daidai, hannunta ya kai wuyan hannu, garkuwa ta tsaya a kan gaɓa. Riga mai yawa tana naɗewa sama in an faɗi, ta bar baya a buɗe.

Kaske kuwa, mu guji na hannu in ba mu san tarihinsa ba. Wanda ya taɓa shan bugu mai ƙarfi, farin abin da ke cikinsa ya riga ya mutu, ko da bayansa yana ƙyalli.

IN KUƊI BAI KAI BA

Mun san halin da ake ciki. Ba kowa ke iya sayen kayan nan rana ɗaya ba. A bi su ɗaya bayan ɗaya: kaske, sai safar hannu, sai takalmi, sai riga. Lokacin kaka, in an sayar da wake ko gyaɗa, a ware kuɗin abu guda. Ƴan tasha ɗaya suna iya yin adashi, kowane zagaye mutum guda ya sayi nasa.

Kafin nan, a nemi riga mai kauri mai dogon hannu a kai wa baduku. Ya ɗora mata fata mai kauri a gwiwar hannu da kafaɗa, ya yi ɗinki biyu da zare mai ƙarfi. Haka ma gwiwar wando. Ba za ta kai wadda aka gwada a masana'anta ba, amma da babu gara ba daɗi. A liƙa mata ƙyalle mai ɗaukar hasken fitila a baya, don masu mota su hango mutum da dare.

Mu makiyaya ma da hannunmu a ciki. Fatar kirki daga wajen fiɗa take farawa. A yi fiɗa a hankali kada wuƙa ta huda, a shanya a inuwa ba a ƙasa cikin rana ba, a daina yi wa dabba lalas a tsakiyar jiki. Fatar da ba ta da tabo ta fi kuɗi, ita ce kuma baduku zai yi aikin ƙwarai da ita.

FASINJA MA MUTUM NE

Ƙasa ba ta bambanta direba da wanda aka goya. Iyayenmu mata su tattara zane da mayafi da hijabi, su riƙe a cinya kafin moto ya tashi. Maza su naɗe babbar riga, su cusa jelar rawani. Bakin tufa in ya shiga sarƙa ko ƙafar baya yana fizgo mutum ƙasa, in a wuya yake ya shaƙe shi. Mai moto ya waiwaya ya duba kafin ya ja. Yaro kuma kada a ɗora shi ba takalmi, don ƙafarsa tana iya shiga waya ko ta taɓa bututun hayaƙi.

IN AN JI CIWO

In ƙaddara ta faɗa aka gurje, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu har yashi ya fita, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko man birki. In jini yana zuba a danne wurin da tsumma. A je likita ranar, ko da ciwon ƙarami ne, a tambayi allurar tetanos, ciwon nan mai ƙulle haƙora da sandarar da jiki. In wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, kada a ja shi, kada a fizge masa kaske. A riƙe kansa kada ya motsa, a nemi ma'aikatan lafiya. Wanda ya bugu a kai, in ya suma ko yana amai, a hanzarta kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.

Ƴan'uwa, moto in ya lalace akwai kayan gyara a kasuwa. Hannu da ƙafa da kai ba a sayar da su. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa ɗansa ko ƙanensa mai moto, ya kai jaridar tasha a karanta wa sauran. Rigakafi ya fi magani, sannu kuma ba ta hana zuwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.